Ciki Ya Cika, Jiki Na Kukan Yunwa

Abin takaici ne a ga matashi mai jini a jika ya karya kumallo da burodi da lemon kwalba, da rana ya jiƙa garin rogo da sukari, da dare ya danna tuwo malmala uku da miyar da ko ƙashi babu a cikinta, sannan ya yi hamdala wai ya ƙoshi. Lallai ciki ya cika, amma jiki bai samu haƙƙinsa ba. Shi ya sa ake ganin saurayi bai kai shekara talatin ba tumbi ya riga shi shiga masallaci, ga kasala, ga hamma tun hantsi.

Abin da ya yi ƙaranci a irin wannan cimar shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. Da shi ake gina tsoka, da shi ciwo ke warkewa, da shi jiki ke ƙera garkuwar da yake yaƙar cuta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya ƙiyasta cewa baligi na buƙatar giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ke nan mai kilo 60 na neman kusan giram 50. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kamar giram 6. Garin rogo kuwa, giram 100 nasa da ƙyar yake ba da giram 2.

Nan take wani zai ce ai nama sai mai hali. Gaskiya ne nama ya yi tsada, to amma wa ya ce sai nama? Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Busasshen wake giram 100 na da furotin kusan giram 23, gyaɗa 25, waken suya ya haura 35. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga nono, ga busasshen kifi, har da fara. Gero da dawa da shinkafa suna da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wake kuma yana da shi a wadace, saboda haka koko da ƙosai, ko shinkafa da wake, haɗi ne mai cike giɓi. Iyaye mata sun daɗe da gano wannan tun ba a san sunansa ba, sai ga 'ya'yansu suna raina shi wai cimar talaka ce.

Masu neman rage ƙiba su ne suka fi shiga ruɗani. Wani ya dinga horar da kansa da yunwa, wani ya kwashi kuɗinsa ya kai wa masu shayin rage tumbi. Wanda ya rame ta hanyar yunwa zalla, tsoka yake zubarwa tare da kitse, ranar da ya koma cin abinci kuma kitsen ne ke fara dawowa. Furotin yana riƙe ciki fiye da sitaci, jiki kuma yana ƙona kuzari mai yawa wajen narkar da shi. Duk wanda ya taɓa yin sahur da wake, wata rana ya yi da farar taliya, ya san bambancin kafin Azahar. Sai dai fa ƙosan da ya sha mai da gyaɗar da ake ci ba lissafi su ma suna ƙara teɓa, kuma dole a haɗa da motsa jiki.

Garin furotin na gwangwani da ake tallatawa a wuraren ɗaga ƙarfe, mafi yawan matasa ba su da buƙatarsa, kuɗinsa ya sayi kwanonin wake masu yawa. Mai ciwon ƙoda kuwa hukuncinsa daban ne, kada ya ƙara cin furotin sai likita ya ƙayyade masa gwargwadon da ƙodarsa za ta ɗauka.