A Buɗe Wa Ƙuri'ar Fushi Burtali

'Yan'uwa makiyaya na Fartago, da Zugu, da Paraku, da sauran rugage,

Akwai wata magana da 'yan siyasa masu bin gwamnati suke yawan faɗa mana in sun zo kasuwar shanu. Wai duk wanda ya jefa ƙuri'a don ya nuna fushinsa ga gwamnati, to ɓarna yake so wa ƙasa. Mu ba mu yarda da wannan magana ba, kuma hujjarmu tana nan cikin tarihin ƙasarmu Benin.

A ranar 28 ga Maris 1995 aka yi zaɓen majalisar dokoki mai kujera 83, lokacin mulkin Shugaba Nicéphore Soglo. Jama'a na cikin ɓacin rai, domin a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje, atamfa ne, ko maganin mutum, ko maganin dabba, ya yi tashin gwauron zabo. Bayan zaɓe, sai Kotun Tsarin Mulki, a ƙarƙashin Madam Elisabeth Pognon, ta soke sakamakon kujera 13, wasu a Kwatano, wasu a Bargu, saboda maguɗi da rashin bin ƙa'ida. Ta ce a sake, aka kuwa sake a ranar 28 ga Mayu.

Irin wannan zaɓe na musamman ba kasafai ake yinsa a ƙasarmu ba, domin kowane ɗan majalisa da mai jiran gadonsa ake zaɓensa, in ya mutu ko ya zama minista sai wancan ya hau. Saboda haka idon kowa ya koma kan kujerun nan 13. Mu na Fartago ba mu cikin masu sake jefa ƙuri'a, don a lokacin Zugu na ƙarƙashin jihar Atakora, amma duk inda rediyo yake an kewaye shi. Tambayar ita ce: gwamnati za ta farfaɗo, ko jama'a za su ƙara mata bulala?

Da aka gama lissafi, jam'iyyar Soglo, wato RB, ta fi kowace yawan kujeru, amma ko sulusin majalisa ba ta kai ba. A arewa FARD-Alafia, ta magoya bayan Mathieu Kérékou, ta yi ƙarfi. Rinjaye ya tafi hannun 'yan adawa, Bruno Amoussou ya zama shugaban majalisa. Bayan shekara guda, a Maris 1996, Kérékou ya kayar da Soglo da kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari, Soglo ya miƙa mulki ya koma gida. To, ina ɓarnar? Jama'a sun yi fushi, an ba su akwati, sun zuba fushin a ciki, an ƙirga, an wuce wurin.

Yanzu a dubi abin da ya faru da aka hana. A zaɓen 28 ga Afrilu 2019, zamanin Shugaba Patrice Talon, jam'iyya biyu kawai aka bari su tsaya, kuma duka biyun na bayan gwamnati ne. Ran zaɓe aka yanke intanet. Waɗanda suka fita wajen kashi 27 cikin ɗari ne kawai. Farkon Mayu aka yi harbi a Kwatano kusa da gidan tsohon shugaba Boni Yayi, a watan Yuni kuma aka gwabza a Cauru da Sabe, nan kudu da Paraku, aka rasa rayuka. A Afrilun 2021 ma, gab da zaɓen shugaban ƙasa, an sake tare hanyoyi a wannan yanki, an sake binne mutane.

Mu makiyaya ba sai an yi mana dogon bayani ba. Garke in ya ji ƙishirwa sai ya tafi mashaya. In akwai burtali, ya bi burtali, ya sha, ya komo, babu wanda ya yi asara. In wani ya nome burtalin, garken ba zai fasa zuwa ruwa ba, ta cikin gona zai bi, daga nan sai faɗa, sai jandarma, sai diyya. Akwatin zaɓe shi ne burtalin fushin talaka.

Sun ce jam'iyyu sun yi yawa, sun haura 200 kafin gyaran 2018. Gaskiya ne, kuma wasunsu mutum ɗaya ne da jakarsa. Amma rage yawan jam'iyyu daban, share 'yan adawa daga majalisa daban. A Janairun 2023 da aka bar jam'iyyar Les Démocrates ta shiga, ta ci kujera 28 cikin 109, da goyon baya mai ƙarfi a yankin Paraku da Cauru. Gwamnati ba ta faɗi ba, an ci gaba da shimfiɗa kwalta, ƙasa ta zauna lafiya. Duk da haka, a Maris 2024 aka gyara dokar zaɓe: jam'iyyar da ba ta ƙulla ƙawance ba sai ta samu kashi 20 cikin ɗari a kowace mazaɓa daga cikin 24 kafin ta samu ko kujera guda. Sakamakon ya fito a Janairun 2026: Les Démocrates ta samu wajen kashi 16 cikin ɗari a faɗin ƙasa, ta tashi babu kujera ko ɗaya. Wato mutum ɗaya cikin shida ya bi layi cikin rana, aka ƙirga ƙuri'arsa, sannan aka jefar. Ga shi kuma gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2025 ya mai da wa'adi shekara bakwai.

Sun kuma ce ƙuri'ar arewa ta ƙabilanci ce, suna tuna mana rikicin Paraku na Maris 1991, da aka far wa 'yan kudu ran zaɓe. Wannan abin kunya ne, kuma ba ma kare shi. Sai dai a tuna cewa a 1996 Adrien Houngbédji, ɗan kudu, shi ya mara wa Kérékou baya har ya ci. Tsadar magani ba ta tambayi kowa yarensa ba.

Kada wani ya ce yabon wata jam'iyya muke. Ba mu da jam'iyya, cikinmu akwai masu bin kowane ɓangare. Abin da muka sani shi ne, a Disamban 2019 da gwamnati ta hana garkunan ƙasashen maƙwabta shigowa kiwo, babu ɗan adawa ko ɗaya a zauren majalisa da zai miƙe ya ce wa minista: ka yi shawara da masu shanu? Ɗan majalisar da ya san ba za a iya kayar da shi ba, me zai kawo shi ruga?

Saboda haka muna kira da abu biyu. Ga mahukunta, a soke sharaɗin kashi 20 a kowace mazaɓa. Gwamnatin da ta yi aiki ba ta tsoron akwati, wadda ta gaza kuwa gara ta ji daga akwati da ta ji daga bakin bindigar mafarauta. Ga 'yan'uwa kuma, musamman ardo-ardo da masu ruga, kada fushi ya sa mu zauna gida. A kai yara da mata a yi musu takardar haihuwa da katin shaida, kowa sunansa ya shiga rajista. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ko na ƙaramar hukuma ne, a tambaye shi a gaban jama'a ko zai tsaya a soke wannan sharaɗi, a kuma riƙe amsarsa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya albarkaci dukiyarmu. Wassalam.