Mutum Huɗu da Jita: Abin da Ke Jan Kunnena a Waƙar Ingila

Akwai zancen da na gaji da ji a majalisarmu ta Sabon Gari, nan Minna. Wai duk wanda ka ji yana sauraren mawaƙan Ingila irin su Beatles ko Coldplay, ƙaryar boko ce ke damunsa, ko kuwa ya raina na gida. Masu wannan zance su ne za ka tarar ranar Asabar a gidan kallo cikin jar riga, ana nuno filin Anfield kafin a take leda, dubban mutane sun ɗaga ƙyallaye suna rera taken Liverpool, su ma suna bi da gunguni, tsigar jikinsu na tashi. Da yawansu ba za su kawo maka jimla guda daga waƙar ba, amma karin ya zauna musu daram. To waƙar nan ta wani wasan dandamali ce da aka yi a Amurka a 1945. Sai a 1963 wasu samarin Liverpool, Gerry and the Pacemakers, suka sake rera ta, ta yi kasuwa a Ingila, 'yan kallo suka ɗauke ta suka mayar tasu. Ashe malam, kai ma kana cikinmu.

Ni ba Turanci ya ja ni ba. Sa'ad da na fara jin waƙoƙin nan a kaset, a shagon wani mai gyaran rediyo da ke layinmu, Turancina bai wuce na cikin aji ba. Kuma wanda ya tashi a Minna bai kamata a tsorata shi da baƙon harshe ba. Garin jirgin ƙasa ne. A layi ɗaya za ka ji kiɗan Nufawa, da na Gwarawa, da jujun Yarbawa, da waƙar coci ta Ibo. Iyayenmu mata sun haddace waƙoƙin finafinan Indiya kaf, ba wadda ta taɓa zama ajin koyon Indiyanci, ba kuma wanda ya ce sun bar Hausa.

Abin da ya kama ni shi ne ginin waƙar. Mawaƙi zai faro baiti ƙasa-ƙasa, jita na bin sa a hankali, ganga na jira. Kafin ka ankara sai amshi ya taso, gajere, mai faɗi, wanda ko muryarka ba ta da daɗi za ka iya shiga. Ya tafi, ya dawo, ya sake dawowa, cikin minti huɗu an gama. Da gangan suke gina shi domin bakin jama'a. A 1996 ƙungiyar Oasis ta Manchester ta tara mutum 250,000 cikin dare biyu a Knebworth. Tsakani da Allah, ba zaƙin muryar Liam Gallagher ya tara su ba, don yana waƙa ne kamar mai fama da mura. Sun je ne su rera tare da shi.

Wannan kuwa ai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Alhaji Mamman Shata zai yi ta zuba magana, ya yi gabas ya yi yamma, amma 'yan amshi na riƙe da layi guda, shi ne yaro da tsohuwa ke tafiya da shi gida. Saurari Ɗanƙwairo da mutanensa, yadda jagora ke saki 'yan karɓi su cafe, kotso na amsa musu. Ko Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Duk inda ka duba jama'a ce ke aiki tare, kowa da hannunsa ko bakinsa a ciki. Hatta Ɗanmaraya Jos, da yake shi kaɗai da kuntigi, yatsunsa ne ke fitar da sautin a gaban idonka.

A nan ne ciwon yake. Beatles mutum huɗu ne, jita uku da ganga. Kafin duniya ta san su, daga 1960 zuwa 1962, sun sha zuwa Hamburg ta Jamus suna kiɗa awa da awanni kowane dare a ƙananan gidajen rawa, har hannunsu ya faɗa. Coldplay ma mutum huɗu ne da suka haɗu suna ɗalibai a jami'a a Landan, kuma har yau su huɗun ne. Mu kuwa tun da kiɗan fiyano ya shigo da finafinan Hausa, muka sallami makaɗa. Yaro guda a gaban kwamfuta shi ne mai kalangu, shi ne mai sarewa, shi ne mai gyara murya har ta daina kama da ta ɗan Adam. Ba na cewa ba mu da masu baiwa. Duk wanda ya ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje a 2020 ya san karin waƙa bai mutu a ƙasar Hausa ba. Amma je ka wurin masu tura waƙa a waya a Kasuwar Kure, ka ce a zuba maka sababbi, ka saurara a jere. Ka kai ta biyar ba ka san an fita daga ta farko ba. A wani biki da na halarta a Tunga, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, mawaƙin ya tsaya riƙe da makirufo yana murmushi. Ba abin da zai iya yi, kiɗansa duka yana cikin na'ura. Da mai kalangu ɗaya a wurin, da ba wanda zai san an ɗauke wuta.

Su Turawan da ake cewa muna bi, sun daɗe suna zuwa neman namu. A 1973 Paul McCartney na Beatles ya sauka Legas ya ɗauki faifansa Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa; ɓarayi suka tare shi da wuƙa suka ƙwace kaset ɗin gwajinsa, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas ya yi kiɗa da Felan. A 2019 Coldplay suka sa Femi Kuti da masu busarsa a faifansu. Ka lura, duk Legas suke nufa, saboda a can za su tarar da makaɗa a tsaye da kayansu. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun gane. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar nan tamu. Daga baya ya kafa ƙungiya da jita da ganga, yanzu Turai da Amurka yake zagayawa.

Kada a ɗauka komai nasu nake yabo. Ta fuskar magana, yawancin waƙoƙinsu ba su kama ƙafar Narambaɗa ba. Soyayya ce da kaɗaici, a juya a sake juyawa. Rayuwar wasunsu kuma ba abin da zan so wa ɗana ba ce. Liam na Oasis da ɗan'uwansa, uwa ɗaya uba ɗaya, rigima ta raba su a 2009, ba su sake hawa dandamali tare ba sai 2025. Wanda kuma ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda addini, na girmama matsayinsa, ba da shi nake ba.

Da masu situdiyo nake, da masu ɗaukar nauyin biki. Coci-cocin da ke Sabon Garin nan kowace Lahadi suna yaye yara masu kaɗa ganga da jita, mu kuwa 'ya'yan makaɗanmu sun koma tuƙa Keke Napep, don ba mai kiran ubanninsu. Wanda zai iya biyan DJ da hayar lasifika zai iya biyan masu kalangu biyu da mai kukuma. Mawaƙin da ke karɓar dubban ɗaruruwa a dare ɗaya zai iya riƙe makaɗa huɗu, su riƙa gwaji tare ko sau biyu a mako, ya kuma rubuta sunayensu a jikin waƙar idan ta fito.