Sharhi: Kafin a zagi gola, a ƙirga hare-haren da ya tare

Duk yammacin da aka tashi daga wasan ƙwallo a filin makaranta a Kankia ko Kusada, hukuncin 'yan kallo kusan iri ɗaya ne. Wanda ya ci ƙwallo shi ne gwarzo, golan da aka zura wa uku kuwa rariya ne. Ba mai tambayar hari nawa aka kai masa, balle daga ina aka buga. Da irin wannan hukunci ake ajiye yaro a benci, wani ma ya jingine safar hannunsa har abada.

Akwai wasan da ya daɗe yana kokawa da wannan matsala, duk da cewa ya yi nisa da ƙasar Katsina: hokin ƙanƙara, wanda ake bugawa a Kanada da Amurka da arewacin Turai. 'Yan wasa shida-shida ne, har da gola, suna sulɓi a kan ƙanƙara suna dukan wani ɗan faifan roba da sanda. A babbar gasarsu ta NHL, kowace ƙungiya kan kai hari kusan 30 a raga a wasa ɗaya, amma ci bai cika wuce uku ba. Saboda haka aikin gola ya zama abin aunawa da kyau.

Shekaru da dama, kofin Vezina na gwarzon gola yana zuwa ne ga golan ƙungiyar da aka fi ƙarancin zura wa ƙwallo. Daga kakar 1981 zuwa 1982 aka sauya tsari: aka ware wani kofi daban, na Jennings, domin ƙarancin ci, shi kuma Vezina ya koma zaɓe. Darasin a fili yake. Yawan ƙwallon da ta shiga raga aikin ƙungiya ce gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba.

Ma'aunin da ya fi adalci shi ne kason hare-haren da gola ya tare. A hoki, mai tare 92 cikin 100 gwani ne, mai tare 90 kuwa matsakaici. Bambancin kamar ba komai, amma a kan hari 1,500 ya kai ƙwallo 30. Wani ma'aunin kuma, Corsi, ya samo sunansa daga Jim Corsi, tsohon kocin gololi na Buffalo Sabres, wanda ya riƙa ƙirga duk wani yunƙurin hari, har da wanda ya bauɗe ko aka toshe, don sanin nauyin da golansa ya ɗauka. Daga baya masu nazari suka ƙara da auna ingancin kowane hari: nisansa da kusurwarsa da yadda aka kawo shi. Abin da masu kallon gasar Firimiya ke gani a allo da sunan xG ke nan. A shekarar 2014, ƙungiyoyi irin su Edmonton Oilers suka fara ɗaukar masu wannan lissafi aiki, alhali a da a intanet kawai suke yi.

'Yan Najeriya ba baƙin wannan gaskiya ba ne. A gasar cin kofin duniya ta 2010, Ajantina ta doke Super Eagles da ci 1-0, amma Vincent Enyeama aka zaɓa gwarzon wasan, domin shi ya hana Lionel Messi sakat. Da sakamako kawai aka duba, da sai a ce golan da ya yi rashin nasara ne.

A ɗauki misali a filin gida. An kai wa gola ɗaya hari 20, aka ci shi uku. Ya tare kashi 85 cikin 100. An kai wa ɗayan hari huɗu, aka ci shi ɗaya. Ya tare kashi 75. A bakin 'yan kallo na biyun ne gwani, a takarda kuwa na farkon ne, kuma masu tsaron bayansa ne ya kamata su amsa tambaya. Haka ɗan gaban da ya ci biyu bayan ya ɓarar da dama goma a gaban raga bai kai wanda ya ci ɗaya daga dama biyu ba.

Wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta. Littafin rubutu da biro sun isa, ko wayar da ke aljihun kowa. Ɗalibi ɗaya a bakin fili zai iya rubuta abu huɗu: wanda ya buga, daga cikin yadi na 18 ne ko daga waje, ta nufi raga ko ta bauɗe, an tare ko ta shiga. Ya kamata sassan wasanni na ƙananan hukumomin Kankia da Kusada, da masu shirya gasar unguwanni da ta makarantu, su mayar da wannan takarda sharaɗin kowane wasa, kamar yadda alƙalin wasa yake sharaɗi. Malaman lissafi ma sun samu darasin kaso da yara za su so.

Sai dai a yi hattara. Masu nazarin hoki da kansu sun gano cewa alƙaluman gola na hawa da sauka daga kaka zuwa kaka, don haka wasa biyu ko uku ba sa isa a yanke hukunci. Takarda ba ta ganin golan da ke tsara 'yan bayansa da murya, ko filin da ƙwallo ke tsalle a kan tsakuwa. Idon koci na nan da amfaninsa. Kuma ba don cacar ƙwallo ake wannan ƙirga ba.

Amfanin na yaran ne. Matashin da ke mafarkin saka rigar Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko, idan ya je gwaji da tarihin wasa 20 a rubuce, ya fi wanda ya je da yabon abokai. Gani ya kori ji. Kafin gasa ta gaba, a sayi littafi tare da ƙwallo.