Mai yana da wurinsa: a zuba wa taf da dayis, a raba shi da waya

Yau maganar noti da mai zan yi muku. Kar ka yi saurin wucewa don ka ga ba saitin waya ba ne, domin wayar da ke hannunka noti ne ke riƙe da cikinta, haka ma injin ban ruwan da ke gonarku.

Makon jiya wani dattijo abokin mahaifina, manomin shinkafa ne daga wajen Auyo, ya shigo shagona a nan Haɗeja da waya a hannu. Ina kunna ta na ga tabo ya mamaye rabin sikirin, kamar an ɗiga man gyaɗa a kan takarda. Na kai ta hanci, sai warin man fesawa. Na ce, "Baba, wa ya zuba mata mai?" Ya ce, "Ƙaninka ne. Batir ya so ya canza, noti ɗaya ya ƙi fita, shi ne ya fesa masa irin wanda ake fesa wa babur." Muna cikin wannan magana ya ƙara da cewa ai shi makon nan bai zo masa da daɗi ba, injin ban ruwansa ma kwanansa uku a wurin gyara. Wai ramin noti ne ya cinye a jikin famfon, yaron makanike ya zura taf a bushe yana murɗawa da ƙarfi, taf ɗin ya karye a ciki. Ga shinkafa tana jiran ruwa, sai da ya yi hayar injin maƙwabci.

Asara biyu a gida ɗaya, kuma duk a kan mai. Inda ake buƙatarsa an hana, inda ba a buƙatarsa an kwarara. Ra'ayina kenan a yau: mu masu aikin hannu da ku masu kawo mana aiki mun raina ilimin mai, kuma rainin nan yana cin kuɗinmu.

Bari in fara da taf da dayis, don na san wasu ba su taɓa jin sunansu ba. Ka ɗauki kowane noti ka duba, za ka ga haƙora sun zagaye jikinsa, su ne makanikai ke kira tiredi. Taf shi ne ƙarfen da ake murɗawa cikin rami ya yanka tiredi daga ciki. Dayis kuma kamar zobe yake, shi ke yanka tiredi a bayan sandar ƙarfe ko fayif. Masu aikin famfo, masu walda, masu gyaran babur da injin ban ruwa, duk da su suke cin abinci. Kafin in koma gyaran waya na yi shekara biyu ina zuwa garejin yayana bayan an tashi daga makaranta, a can na fara riƙe su, kuma a can na karya taf ɗina na farko.

Me ya sa sai da mai? Taf yanka yake yi, yana fere ƙarfe kamar yadda ake fere rogo. Gogayyar nan tana kawo zafi, ɓarɓashin ƙarfen da ke fitowa kuma yana taruwa a kwaruruwan da ke jikin taf. Idan a bushe ne, ɓarɓashin sai ya manne a bakin haƙoran, musamman idan alminiyam ake yankawa, kamar jikin famfon injin ban ruwa ko kan silinda. Daga nan taf ya daina yanka ya koma yaga, sai ya cije. Shi kuma ƙarfen taf an ƙona shi ya yi tauri sosai, ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi kamar gilashi. In ya karye a rami, bakin diril na yau da kullum ba ya iya huda shi, saboda ya fi shi tauri. Aikin minti goma ya koma na kwana uku kenan. Mai yana rage gogayya, yana sanyaya bakin, yana taimaka wa ɓarɓashi ya zame ya fito.

To wane mai? Nan ne nake da saɓani da iyayen gidanmu na gareji. Yawancinsu tsohon baƙin man da aka juye daga inji suke tsoma taf a ciki. Za su ce maka shekara talatin suna yin haka ba abin da ya faru, kuma man yankan ƙarfe na ainihi sai ka aika Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ga tsada. Ban ce ƙarya suke yi ba. A kan baƙin ƙarfe, tsohon mai ya fi babu, wannan na yarda. Amma ka tuna abin da ke cikinsa: gawayin ƙuna, ƙura, da ɓarɓashin ƙarfen da ya goge daga cikin inji. Kana zuba wa bakin taf abin da ke dakusar da shi a hankali. Sannan baƙi ne, yana rufe maka ido, ba ka ganin ko tiredin yana fita daidai. Kuma shi man inji an yi shi ne don ya raba ƙarfe da ƙarfe kar su taɓa juna, alhali taf so ake ya kama ƙarfe ya yanka. Shi ya sa man yanka na ainihi ake sa masa sinadarai irin su farar wuta, waɗanda ke hana ɓarɓashi mannewa idan zafi ya tashi.

Maganar tsada kuwa, cokali ɗaya na mai ya isa ramuka da yawa. Kuma ko ba ka samu na kanti ba, akwai mafita a gida. Ga yadda na koya, kuma na gwada:

1. Baƙin ƙarfe da fayif: man yanka idan akwai. Idan babu, sabon man inji mai tsabta, ko man gyaɗa. Kar ka yi dariya, tun kafin a fara haɗa man yanka na zamani, man kitse maƙeran Turai ke amfani da shi. Sai dai man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo idan ya daɗe, don haka ka wanke taf da kananzir bayan ka gama.

2. Alminiyam: kananzir, ko man fesawa irin WD-40. Nan ne yake da amfani, saboda ruwa-ruwa ne, yana hana ɓarɓashi mannewa.

3. Ƙarfen zubi, wanda makanikai ke ce wa kas: a bushe ake yanka shi. Garinsa kamar toka yake fita, idan ya haɗu da mai sai ya zama laka ya toshe taf. Ka ga ko a gareji ba ko'ina ake zuba mai ba.

4. Ramin fulogi: yawancin ƙananan injinan fetur da ake ban ruwa da su milimita 14 ne. Idan za a gyara shi ba tare da an cire kan silinda ba, a cika kwaruruwan taf da giris, don ɓarɓashi ya maƙale a jiki maimakon ya faɗa cikin silinda. A riƙa fito da taf ana gogewa ana sake shafawa.

Mai kaɗai ba ya wadatarwa idan ramin bai yi daidai ba. Noti mai milimita 6, ramin milimita 5 ake huda masa. Mai 8, ramin 6.8. Mai 10, ramin 8.5. Idan ramin ya yi ƙanƙanta, ko tulun mai ka juye taf zai cije. Ka murɗa rabin zagaye gaba, ka dawo baya kaɗan har ka ji ɓarɓashin ya karye, sannan ka ci gaba. Kuma ka tabbatar da irin tiredin. Fayif ɗin famfon da muke amfani da shi yana bin tsarin Ingila ne, wanda asalinsa daga ma'aunin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, kusurwar haƙorinsa digiri 55, na milimita kuma digiri 60. Idan ka tilasta ɗaya cikin ɗaya, zai shiga zagaye biyu ya tsaya, in ka ƙara ƙarfi ka kashe duka biyun.

Akwai abin da ya fi damuna, shi ne fayif ɗin ruwan sha. Na sha ganin an yanka tiredin fayif ɗin tuƙa-tuƙa ko na tankin gida da tsohon baƙin mai, an ɗaura shi haka ba wanki. Tsohon man inji yana ɗauke da guba, ba abin da za a bari ya haɗu da ruwan da yara ke sha ba ne. Idan kai ne mai aikin, ka wanke bakin fayif ciki da waje da ruwan omo kafin ka ɗaura. Idan kai ne mai gida, ka tsaya a kai ka ga an wanke. Haƙƙinka ne, kuɗinka ka biya.

Yanzu mu dawo kan waya, inda nake cin abinci. Notin waya bai fi kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ba a yanka masa tiredi a shago, kamfani ya riga ya yanka. Idan ka lura da kyau za ka ga wani shuɗin abu a jikin haƙoran wasu, gam ne da aka sa da gangan don kar girgiza ta kwance notin. Ma'ana kamfanin ma so yake ya riƙe, kai kuma ka zo da mai. Man fesawa an yi shi ne don ya ratsa duk wata 'yar kafa, kuma aikinsa yake yi: ya bi ta bayan sikirin ya shiga tsakanin siraran ledojin da ke rarraba haske, ya bar tabon da ba ya gogewa. Yana saki gam ɗin da ke riƙe da sikirin da murfi, yana dusashe gilashin kyamara daga ciki, yana toshe ragar sifika da makirfo. Sai ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai. Wayar dattijon nan sai da na canza mata sikirin gaba ɗaya, saboda noti guda.

Sau da yawa abin da ke hana notin waya fita sukudireba ce da ba ta dace ba. Tecno, Infinix, itel da Samsung yawanci mai bakin kuros suke amfani da shi, ƙarami sosai, lamba PH00 ko PH000. iPhone kuwa notin ƙasa guda biyu masu kusurwa biyar ne, kuma tun daga iPhone 7 da ta fito a 2016 akwai masu baki uku a ciki. Idan ka sa wadda ba tata ba, zagaye biyu ya isa kan notin ya goge. Ka samu wadda ta zauna daram, ka danna ƙasa sosai, ka murɗa a hankali. Idan gam ne ya riƙe, mu mukan ɗora bakin ƙarfen narka dalma a kan notin na ɗan lokaci ya yi laushi, nesa da batir. Idan tsatsa ce, kamar wayoyin da suka yi ta zuwa mana bayan ambaliyar 2020 da ta 2022, ɗigon sifirit na gyaran waya ake fara sawa, domin shi yana bushewa bai bar komai ba. Gaskiya akwai ranar da nake sa ɗan mai, amma da tsinin allura, bayan na cire fanel da sikirin na ajiye gefe, kuma in wanke wurin daga baya. Wannan daban yake da fesa gwangwani cikin waya.

Wurin mayarwa ma akwai dabara. Ka fara juya notin baya a hankali har ka ji ya yi ɗan ƙas, alamar ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka murɗa gaba. In ba haka ba zai yanka sabuwar hanya, musamman a cikin roba, ramin ya buɗe. Kuma kowane noti ya koma raminsa. A iPhone akwai wuraren da idan ka sa dogo a ramin gajere, tsininsa zai huda fanel ya yanke layukan da ke ciki, wayar ta ɗauke hoto ko ta mutu. Ka zana hoton wayar a takarda, ka riƙa ajiye kowane noti a inda ka cire shi.

Na san wani zai ce, mai gyaran waya ne, so yake mu daina taɓa wayoyinmu mu riƙa kai masa. Wallahi da kuɗi nake nema a wannan magana da shiru na yi, domin sikirin ɗin da mai ya ɓata ya fi canjin batir kawo min riba. Ka buɗe wayarka idan kana da kayan aiki da natsuwa, haka ni ma na koya. Abin da nake roƙo shi ne idan noti ya ƙi, ka tsaya ka tambayi dalili kafin ka ƙara ƙarfi ko ka ɗauko gwangwani. Sauri ya haifi nawa.

Mu a wannan yanki, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, noman rani ya dogara ne da ƙananan injinan nan, kuma manomi da waya yake jin farashin kasuwa, da ita ake turo masa kuɗi. Idan ɗaya ya tsaya a tsakiyar aiki, gida ne ke ji a jika. Don haka in ka kai injinka gyara ka ga an ɗauko taf, ka tambayi mai gyaran cikin ladabi, "Oga, wane mai za a sa masa?" Makanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Yaran gareji kuma, 'yar kwalbar mai mai tsabta da tsohon buroshin haƙori ba za su gagare ku ba. Ku goge taf da dayis bayan aiki, ku shafa musu mai kaɗan, ku naɗe a tsumma, domin damshin damina a bakin kogin nan ba ya barin ƙarfe.

Dattijon ya dawo jiya ya karɓi wayarsa. Ya ce an samu an ciro guntun taf ɗin, injin ya koma gona. Na haɗa shi da 'yar sukudireba PH000 na ce ya kai wa ƙanin nawa, gwangwanin kuma a bar wa babur.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya ba manomanmu amfani mai yawa.