Tandar Mutanen Indiya da Tambayar da Muke Jin Kunyar Yi



A makon da ya wuce wani magidanci ya kawo ƙarar ɗansa zauren Maigida. Laifin yaron shi ne ya ɗauki amaryarsa sun tafi wani gidan abinci na Indiyawa a cikin gari, inda mai dafuwar ɗan ƙasar Nefal ne, suka ci, suka ɗauki hoto, hoton ya zagaya wayoyin dangi. Uban ya ce an ciyar da 'yar mutane abincin masu bautar gumaka. Maigida bai yanke magana ba sai da ya tura mu muka je muka gani, muka tambaya, muka kuma ɗanɗana. Ra'ayinmu bayan dawowa shi ne yaron bai yi laifin da ake tuhumarsa ba, amma akwai wani laifin da ya yi wanda ba a ambata ba.

Mu fara da hukunci, tunda a nan hankalin uban ya tashi. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malaminsa ya san cewa ba a cin yankan wanda ba Musulmi ba kuma ba Ma'abocin Littafi ba, amma abincinsa da ba ya buƙatar yanka bai haramta ba. Shinkafa ba ta da addini, haka wake da tsamiya. Galibin abincin kudancin Indiya kuwa daga waɗannan ake yin sa.

Da aka ajiye mana faranti, sai muka ga 'yan uwan abincinmu cikin baƙin kaya. Abin da suke kira idli shinkafa ce da wani irin wake, a jiƙa, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, sannan a turara. Dosa ƙullun ne dai aka shimfiɗa a kasko ya yi faɗi kamar sinasir. Akwai ma wanda suke soyawa a kasko mai gurabe, wanda duk 'yar Zango za ta kira shi tanda ba tare da ta yi tunani ba, abin da ke fitowa ciki kuwa masa ce. Miyarsu ta sambar da tsamiya ake ɗaure ta, a jefa kuɓewa ko 'ya'yan zogale, waɗanda mu muke bari su bushe a bisa itace muna tsinkar ganyen kawai. Mutanen duwatsun Nefal kuma suna tuƙa garin gero ko na masara a ruwan zafi su ci da miyar busasshen ganye, suna kiransa dhido. In wannan ba tuwo ba ne, to mene ne?

Wurin da ake buƙatar hattara shi ne nama. A Nefal doka ta hana yanka saniya, shi ya sa momo ɗinsu, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, da naman ɓauna ko kaza aka fi yin sa, kuma yankan can ba namu ba ne. A Tamale dai mahautan gari Musulmi ne, sai dai kajin da ke zuwa cikin kwali daga ƙasashen waje kowa ya san ba duka ne aka san mai yankansu ba. Kada kuma a ɗauka duk Ba'indiye Hindu ne: a jihar Kerala kusan mutum ɗaya cikin huɗu Musulmi ne. Magana ɗaya ce ke warware duk wannan, a tambayi mai gida daga ina namansa yake, ko ana sa giya a girki. Mun tambaya, an amsa mana ba tare da ɓacin rai ba.

To ga laifin yaron. Da Maigida ya ce masa, "Ka tambaya kafin ku ci?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, na ji nauyi, kada a ɗauke ni baƙauye." Wannan ne ya dame mu. Matashinmu zai yi ciniki da mai sayar da waya a kasuwar Aboabo har muryarsa ta dushe, amma da ya ga tebur da farin mayafi sai harshensa ya ɗaure a kan abin da ya shafi addininsa. Abin ya fi ba mu mamaki da yake kakanninmu ba su yi wannan nauyin baki ba. Fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga sun ratsa ƙasashen da ba a salla, sun sayi hatsi, sun yanka dabbarsu da hannunsu. Sojojin Gwalkwas da aka kai yaƙin Bama a 1944, da yawansu da Hausa ake ba su umarni, ta Indiya suka bi, kuma sun dawo da sallarsu.

Kuma mu ne ya fi dacewa mu yi wa abincin baƙo adalci. Waakye da ake layi a kansa daga Ankara har Bolga sunansa daga wake ya fito. Tuwon zafi, koko, ƙosai da tsitsinga duk da sunayensu na Hausa ƙasar Gana ke kiransu. Dagwambawa da Asantawa da Kiristocin kudu sun miƙa hannu sun ci daga tukunyar iyayenmu mata, da kuɗin nan aka yi wa da yawanmu karatu. Wanda ya rayu da amincewar wasu ga girkinsa bai kamata ya ƙyamaci girkin wani tun bai bincika ba.

Ba mu ce a mayar da wurin gidan zuwa kullum ba. Kuɗin cin mutum biyu a can zai yi cefanen gida na kwanaki, kuma inda aka jera kwalaben giya a tebur, tashi ya fi zama. Maigida ya sallami uba da ɗa a kan sharaɗi ɗaya: ranar da yaron zai koma, ya tafi da mahaifiyarsa, wadda ta shekara talatin tana suyar masa, ta ga tandar da idonta.