Zane ma yana iya yin ƙarya

A duk ƙarshen zangon karatu, idan ɗalibai suka kawo mini kundayen bincikensu, babi na huɗu nake fara buɗewa, inda ake baje alƙaluma. A nan nake yawan cin karo da zanen da'ira mai launi goma sha biyu, an yanka shi siri-siri kamar rabon gadon mai 'ya'ya da yawa. Kyau kam akwai shi, amma mai karatu ba ya ƙaruwa da komai.

Bayanan da ake kasawa rukuni-rukuni, kamar jinsi ko jiha ko jam'iyya, zane iri biyu aka fi nuna su da shi: zanen ginshiƙai da zanen da'ira. Dukansu William Playfair, mutumin Sukotland, ake jingina wa. Ya wallafa na ginshiƙai a 1786, na da'ira kuma a 1801. Kowanne da muhallinsa. Da'ira tana nuna yadda aka raba abu guda, don haka tilas yankunanta su haɗu su ba da kashi 100, kuma ta fi amfani idan rukunan ba su da yawa. Ginshiƙai kuwa na kwatanta yawa ne, kuma idon ɗan Adam ya fi iya auna tsawo a kan faɗin kusurwa.

Mu ɗauki zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Bisa sakamakon da INEC ta bayyana, Tinubu ya sami ƙuri'u kimanin miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5. A da'ira, kason Atiku zai ci digiri 105, na Obi 91, bambancin da sai an ƙura ido za a gane shi. A ginshiƙai kuwa, kallo ɗaya ya wadatar.

To amma ginshiƙan ma ana iya yin ha'inci da su. Idan mai zane ya fara ma'auninsa daga miliyan 6 maimakon sifiri, ginshiƙin Tinubu zai ninka na Atiku kusan sau uku, na Obi ya kusa ɓacewa, na Kwankwaso ya rasa wurin tsayawa. Ba a taɓa lamba ko ɗaya ba, amma an yaudari ido. Wannan tauye mudu ne, ko da kwamfuta ce ta auna.

Saboda haka, ya kai mai karatu, duk zanen da ka gani a jarida ko aka turo maka ta WhatsApp, yi masa tambaya biyu kafin ka yarda da shi. Idan da'ira ce, shin yankunanta sun cika ɗari? Idan ginshiƙai ne, daga ina ma'aunin ya fara? Ɗalibaina kuwa, ku fara sanin abin da kuke son faɗa kafin ku zaɓi zane, launi ya biyo baya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.