A Auna Zogale Kafin A Zuba Wa Kifi

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar kogin Haɗeja ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai, kamun masunta ya ja baya. Don haka kiwon tarwaɗa a tafki ya zama abin dogaro ga yankuna irin su Miga.

Amma kifin da aka cunkushe wuri ɗaya ba ya rabo da cuta. Mai kiwo kuwa yakan ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, har ƙwayoyin su daina jin magani, ragowarsa kuma ta ƙare a tukunyar mai saye. Tun 2006 Tarayyar Turai ta haramta sa irin waɗannan magunguna cikin abincin dabbobi don saurin girma.

Binciken masana ya nuna cewa tafarnuwa da citta da ganyen zogale, idan aka gauraya kaɗan cikin abinci, suna ƙara wa kifi juriyar cuta. Sai dai zogale in ya yi yawa yakan rage wa kifi cin abinci, ya tauye girmansa. Ba kuma ganyen da zai ceci kifi daga gurɓataccen ruwa.

Saboda haka wajibi ne Jami'ar Tarayya ta Dutse da hukumar JARDA su gwada waɗannan tsirrai a tafkunan Jigawa, su fitar da tabbataccen awo cikin Hausa, malaman gona su kai shi bakin tafki. Rigakafi dai ya fi magani, amma sai da awo.